Haliru Sai-na-gani da Biskit Mai Cuku

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shiga motar Malam Haliru. Ni malamin makaranta ne, gidana yana Bungudu, wurin aikina yana Tsafe, shi kuwa maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ranar Litinin da sassafe nakan bi shi, ranar Alhamis ya dawo da ni. Saboda haka abin da zan faɗa game da shi, wani da idona na gani, wani kuma matarsa Asiya ce ta gaya wa mai ɗakina ta kan katanga.

A Ruwan Bore aka haife shi. Ɗan manomi ne, amma tun yana saurayi ya aje fartanya ya kama sitiyari. Ya daɗe yana jan motar wani mai safarar hatsi tsakanin Mada da Gusau kafin ya sami tasa, wata tsohuwar Golf mai ruwan toka. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu, ba ya dariya sai da dalili. A tasha ba wanda ya san sunan mahaifinsa, Haliru Sai-na-gani ake ce masa. In mai faci ya ce ya gama, sai ya zuba wa tayar ruwa da kansa ya ga ko za ta yi kumfa. In ya sayi mai a galan, sai ya ɗiga a tafin hannu ya shinshina. Fasinja kuwa ƙafarsa yake fara kallo kafin fuskarsa, wai don ya san ko daga gari yake ko daga daji. Da can ana yi masa dariya a kan wannan. Da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta lalace, ana tare motoci, sai mutane suka koma neman motarsa, suna cewa Haliru ba ya barci da ido biyu a hanya, ba ya kuma tsayawa inda bai sani ba.

Bazarar shekara biyu da suka wuce ƙishirwa ta kama shi. Kafin mu kai Tsafe sai ya shanye ledar ruwa biyar, a kowane gari kuma sai ya nemi inda zai kewaya. Wandonsa ya yi masa yawa. Da farko rijiyar gidansa ya zarga, ya sa aka yashe ta. Sannan ya koma kan mai shayin tasha, ya ce madararsa ba ta gaskiya ba ce. 'Yarsa Rahama, wadda ke aikin jinya a Gusau kuma can take aure, ita ta zo gida wata Asabar da wata 'yar na'ura a jaka, ta kama yatsansa ta soka. Da lambar ta fito sai ta dube shi.

"Baba, Litinin ba za ka fita aiki ba. Asibiti za mu."

"Wanga ɗan abu awa akwatin ashana shi za ya hana ni aiki?"

Ya je dai. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta masa ƙwayar magani. Haliru bai yarda ba sai da ya je wani wurin gwajin daban, bai gaya musu an taɓa auna shi ba, suka faɗa masa abu guda. Daga nan ya kama dokar da aka kafa masa da ƙarfi, kamar yadda yake kama komai. Ya bar sukari a shayi, ya bar lemon kwalba, ya bar fura da rana. Asiya ta rage masa malmalar tuwo ta ƙara masa miyar ganye, wake da zogale suka zama abincin gidan. Rahama ta bar masa na'urar, ta koya masa soka yatsa, ta ce ya auna da asuba kafin ya ci komai, ya kuma auna da yamma in ya dawo.

Awon asuba ya yi kyau cikin 'yan makonni. Ɗari da ashirin, ɗari da talatin. Na yamma ne ya ƙi. Kullum ya dawo daga hanya ya auna sai ya ga ɗari biyu da saba'in, wata rana har ɗari uku. Nan fa gidan ya rikice.

Na'urar ya fara tuhuma. Ya ce zafin rana ke juya mata kai. Ya shigo gidana da ita wata yamma, ya ce in kawo yatsana, ya soke ni ba tare da ya jira amsa ba. Ɗari da biyar. Ya dubi lambar, ya dube ni, kamar ni da na'urar mun haɗa baki. Sai ya koma kan Attahiru mai kemis, wanda ke sayar masa da 'yan takardun da ake ɗiga wa jini, ya ce tsofaffi yake ba shi. Attahiru ya nuna masa kwanan watan da ke jikin kwalin, Haliru ya kankare wurin da farce ya ga ko an liƙa wani a kan wani. Ba a liƙa ba.

Daga nan zargin ya shigo cikin gida. Wata safiya muna jinsu ta kan katanga.

"Asiya, mi kike sa min cikin kunun ga?"

"Gero da tsamiya, Malam. Mi zan sa?"

"Na ji shi da ɗan zaƙi-zaƙi. Tausayi ne kike ji na, kina ɗiga min sukari kaɗan don in sha da daɗi. To kashe ni kike yi."

"Shekara talatin ina dafa maka abinci, yau ni ce mai kashe ka? In sukari nike sa maka da safe, don mi ba ya tashi sai da marece? Kai dai faɗi gaskiya, mi kake ci a Tsahe?"

Ita ma ashe ta daɗe da nata zargin. Ta ce tana jin labarin wata mai masa a bakin tashar Tsafe da direbobi ke yi wa layi, masa da zuma. Ta aiko mai ɗakina ta tambaye ni. Na rantse ban taɓa ganin ya sayi masa ba, kuma gaskiya na faɗa. Tun da hanya ta lalace direbobi ba sa zaman cin abinci a Tsafe. Mota na cika ake tashi, kowa na son ya yi sawu biyu ya aje mota kafin rana ta yi sanyi. Asiya ba ta gamsu ba, ta ce maza ba sa tona wa juna asiri. Kwana huɗu suna gaisawa sama-sama.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne abin da nake gani duk Alhamis. A aljihun gaban motar Haliru akwai biskit, irin mai gishiri-gishiri ɗin nan da ake manna biyu a sa cuku mai ruwan lemo a tsakiya, shida a leda. Wajen azahar, yana tuƙi, sai ya miƙa hannu ya ɗauko, ya yage ledar da haƙori. Leda uku yake ci, wani lokaci huɗu, ya bi da ruwa. Har ni yakan miƙo wa. Ban taɓa lissafa shi cikin abinci ba, shi ma haka.

Rahama ce ta gano. Ta gaji da ƙarar da kowannensu ke kai mata ta waya, sai ta ce tana da biki a Tsafe, ta shiga motarsa a Gusau ta zauna gaba. Ba biki ba ne, ido ta zo sa masa. Ba su yi nisa ba ya buɗe aljihun motar.

"Baba, mene ne wannan?"

"Abin taɓawa ne. Ba zaƙi gare shi, gishiri ne. Ɗanɗana ki ji."

Ta karɓi ledar ta juya bayanta tana karantawa. "Nawa kake ci a rana?"

"Ukku, huɗu. Na ce miki babu sukari. Ni da na bar sukari ko a shayi."

"Baba, fulawa ce zalla. Farar fulawa in ta shiga ciki suga take komawa, ko da gishiri aka kwaɓa ta. Cukun nan ma ba cukun kirki ba ne, gari ne da mai da ɗan sukari. Leda huɗu ai ka fi wanda ya ci burodi guda."

Ya yi tsaki. Ya ce yaran yanzu in sun yi boko sai su ce ruwa ma wuta ne. Harshensa ya fi takarda sanin zaƙi. Rahama ta san ubanta, ba ta ja da shi ba. Ta ce ranar Juma'a, da ba ya fita, za ta zo su gwada, ya gani da idonsa.

An kira ni shaida. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a zaurensa. Ya auna, ɗari da arba'in. Ya ci leda uku kamar yadda ya saba, muka zauna muna hira, shi yana kallon agogo, na'urar kuma tana cikin aljihunsa don kada wani ya taɓa ta. Bayan awa biyu ya sake sokawa. Ɗari biyu da tamanin da shida. Ya daɗe yana kallon lambar. Ya ce wataƙila zaman da ya yi ne. Juma'a ta gaba ya sake gwadawa shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba, ya zauna awa biyu bai ci komai ba, lambar ba ta motsa ba. Ta ukun ya sayo biskit ɗin daga wani kanti daban, ko na farkon jabu ne. Lambar ta haura kamar da.

Ranar ya shiga cikin gida ya tsaya a ƙofar madafa. Asiya ta ce ya fi minti biyar a tsaye kafin ya ce, "Kunun ki lafiya lau yake." Iyakar ban haƙurin ke nan, ita kuma ta karɓa.

Sai dai Haliru ba ya yin abu rabi. Ya kwashe biskit ɗin motar ya rabar, ya ce abin da ya yaudare shi wata shida ba zai sake shiga bakinsa ba. Bai kuma maye gurbinsa da komai ba. Yanzu duk abin da ake sayarwa a bakin hanya zarginsa yake yi. Sai ya sha ƙwayar maganinsa da asuba, ya sha kunu kofi ɗaya, ya yini a hanya da ruwa kawai. Bai gaya wa Rahama ba. Awon yamma ya sauko, yana ta murna.

Alhamis ta biyu da fara wannan, muka taso daga Tsafe wajen ƙarfe uku. Mu shida ne. Ni da wani saurayi mai suna Tajuddeen muna gaba. A baya akwai Sabiru, wani ɗan kasuwa mai sayen barkono, da mutum biyu da ban sani ba, da wata dattijuwa, Hajiya Halimatu Sadiya, za ta Gusau suna. Kafin mu fita tasha wayar Haliru ta yi ƙara, Asiya ce, ya ce, "Ga mu nan, yanzu munka taso, mota ta cika." Kowa ya ji, ba wanda ya damu.

Mun yi tafiyar kamar rabin awa, mun shiga wani wuri da ba gida ba gona, duwatsu da kurmi hagu da dama, inda kowane direba ke taka mota iyakar ƙarfinta. Sai na ji gudunmu yana raguwa. Motar ta ɗan karkata, ta dawo, ta sake karkata. Haliru ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya kashe mota.

Ba mota gaba, ba mota baya.

"Direba, lafiya?" in ji Sabiru.

Haliru yana riƙe da sitiyari, yana kallon dajin da ke gabanmu.

"Direba, da kai nike! Mi ya sa ka tsaya nan?"

"Ku dakata," in ji Haliru, muryarsa a sarƙe. "Yanzu... ku dakata kaɗan."

"Mu dakata wa? Wa muke jira?" Sabiru ya miƙo hannu ta kan kujera ya fizge wayar daga aljihun rigar Haliru. "Kun ji shi a tasha! Ya ce mun taso, mota ta cika. Wa ya gaya wa? Wallahi sai da mu ya yi!"

Ɗaya daga cikin mutanen baya ya fara salati da ƙarfi, ɗayan yana kokawa da ƙofa. Sabiru ya shaƙo wuyan rigar Haliru ta baya yana jijjiga shi, yana cewa ya tada mota ko ya kashe shi kafin ɓarayin daji su iso. Haliru ya ɗaga hannu zai ture shi, hannun ya faɗo.

Dole in faɗi wannan, don shi ya sa nake rubuta labarin. Ni da na san mutumin nan shekara goma sha ɗaya, na san muryar matarsa ce a wayar, na zauna a zaurensa ana auna jininsa, a wannan lokacin ban ce uffan ba. Idona yana kan kurmi. A zuciyata ina cewa, an sha jin irin haka, maƙwabci ya sayar da maƙwabci, me ya sa ya rage magana kwanan nan? Hannuna yana kan marfin ƙofa.

Hajiya Halimatu Sadiya ce ta daka wa Sabiru tsawa. "Kai, sake shi! Ba ka da ido? Dubi wuyanshi." Ta miƙo hannu ta shafa ƙeyar Haliru. "Zufa ce mai sanyi. Dubi hannunshi yadda yake kaɗawa. Malam, kai da ke gaba, mutumin ga yana da ciwon suga?"

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce yana da shi.

"To faɗuwa ya yi. Marigayi mai gidana haka yake yi in ya sha magani bai ci abinci ba." Ta buɗe jakarta ta ciro robar lemo da ta saya a tasha, ta buɗe, ta miƙo min. "Ba shi, tun yana iya haɗiya."

Tajuddeen ya ce akwai biskit a jakarsa, irin mai cukun nan. Ta ce a'a, wannan maiƙo gare shi, yana daɗewa kafin ya kai jini, zaƙi ake so yanzu-yanzu. Na kai robar bakin Haliru. Ya kau da kai.

"Mi kunka sa ciki?" ya ce da ƙyar. "Sukari ne. An hana ni."

"Sha, ɗan nan," in ji Hajiya. "Wanda ya hana ka, da yana nan da shi za ya ɗura maka."

Ya sha rabi. Ta ƙara masa dabino uku. Tajuddeen ya ce ya iya mota, muka ciccibo Haliru muka maido shi kujerata, na matsa, muka bar wurin a guje. Kafin mu hango dutsen Kwatarkwashi idonsa ya dawo daidai, rawar hannun ta tsaya. Hajiya ta ce yanzu a ba shi biskit ɗin guda biyu ya riƙe masa ciki. Ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya ci. Sannan ya dubi Tajuddeen ya ce ya daina taka kulocin haka, ba motar ubansa ba ce. Sabiru ya miƙo wayar ta gefen kujera.

Labari ya riga mu isa tasha, ban san ta yaya ba, kuma ba yadda ya faru ya isa ba. Washegari shugabannin ƙungiyar direbobi suka kira Haliru. Rahama ta zo da katin asibitinsa, ni ma na je na faɗi abin da na gani, aka duba wayar aka ga lambar Asiya. Suka ce ba shi da laifi, amma kada ya sake hawa mota da yunwa.

Likita ya yi masa faɗa sosai, ya rage masa ƙwayar safe, ya ce mai wannan ciwo ba a son ya cika ciki da fulawa, ba a kuma son ya bar shi wayam. Rahama da Asiya suka tsara masa guzuri. Dafaffen ƙwai biyu, gyaɗa cikin tafin hannu, wani lokaci ɗan wake a ƙaramar kula. Biskit ɗin ma bai fita ba gaba ɗaya, don shi ne abin da ba ya lalacewa a zafin mota. Guda biyu kawai, ba leda ba, kuma sai bayan ƙwai da gyaɗar sun riga shi shiga. Shi da kansa ya gwada hakan Juma'a uku a jere kafin ya amince, lambar ba ta wuce ɗari da saba'in ba. In ya sauke fasinja yakan zaga tasha da ƙafa sau biyu kafin ya koma layi. A aljihun rigarsa kuma kullum akwai dabino uku a ƙulle, saboda irin waccan rana.

Jininsa ya daidaita, amma maganar ba ta mutu ba. A tashar Tsafe akwai waɗanda in sun leƙa suka ga shi ne a layi sai su ce za su jira ta gaba. Wasu na cewa ciwon suga dabara ce, wai an ga jami'an tsaro sun biyo hanyar ne shi ya sa mutanensa ba su fito ba. Ba wanda ya faɗa masa a ido. Shi kuwa da ya iya karanta fuska ba ya bukatar a faɗa. Bayan wata uku ya bar hanyar Tsafe, ya koma ɗaukar mutane tsakanin Bungudu da Gusau, gajeriyar hanya, inda kowa ya san gidansa. Samun bai kai na da ba. Asiya ta ce ita ta fi son haka, ko ba komai yana cin abincin rana a gida.

Ni yanzu wata motar nake bi. Na daɗe abin yana damuna, sai wata Asabar na same shi a ƙofar gida yana wanke mota, na gaya masa abin da ya zo mini a zuciya ranar nan, da hannuna da ke kan marfin ƙofa. Ya ci gaba da goge gilashi har na ɗauka bai ji ba.

"Na gani," ya ce. "Ban iya magana lokacin, amma ina gani."

Na ce ya yafe mini.

"Da ni ne zaune inda kake, Malam Aminu, da na riga ka fita motar." Ya matse tsumman ya shanya a kan madubi. "Tsohuwar nan fa, ka san gidan da ta je suna a Gusau? Ina son in kai mata gyaɗa, ban samu wanda ya san ta ba."

Ban sani ba. Muka yi ta tambaya a tasha har mako biyu, daga baya wani mai lodi ya ce mutuniyar Yankuzo ce, can bayan Tsafe. Haliru ya auna gyaɗa tiya biyu, ya ƙulle bakin buhun da kansa, ya ba ni in kai mata ranar Litinin. Ya ce in na kai in kira shi a waya, ta yi masa magana da bakinta.